Audacity: Jirgin dakon ayabar Jamus da Birtaniya ta ƙwace ta mayar jirgin yaƙi

A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila, an yi wani jirgin ruwa da Jamusawa suka ƙera don dakon kaya, Birtaniya ta ƙwace shi a teku, ta sassare duk abin da ke samansa ta shimfiɗa masa filin saukar jiragen sama, daga bisani kuma Jamusawan da kansu suka nutsar da shi. Sunansa HMS Audacity. Wata shida kacal ya yi a bakin aikin soja, daga Yunin 1941 zuwa Disambar wannan shekara. A cikin ɗan wannan lokaci ya warware wata matsala da ta hana hafsoshin ruwan Birtaniya barci, wato yadda za a kare jiragen 'yan kasuwa a tsakiyar teku, can inda jirgin saman da ya taso daga tudu ba ya iya kaiwa.

Sunansa na yanka Hannover. Kamfanin Bremer Vulkan ne ya ƙera shi a Vegesack kusa da birnin Bremen, aka saukar da shi ruwa a watan Maris na 1939, mallakin kamfanin sufuri na Norddeutscher Lloyd. Girmansa tan 5,537, injinsa na dizal, yana da ɗakunan fasinja kaɗan masu kyau, aikinsa kuma zirga-zirga tsakanin Jamus da yankin Karebiya, inda ayaba ke cikin manyan kayan da ake lodi. Bai cika shekara yana aiki ba yaƙi ya ɓarke a Satumbar 1939, ya same shi nesa da gida. A dokar yaƙin teku, jirgin kasuwancin abokan gaba ganima ne ga duk wanda ya kama shi, don haka ya fake a Curaçao, tsibirin da ke hannun Holan, wadda a lokacin ba ta shiga yaƙin ba.

A watan Maris na 1940 ya yi ƙoƙarin sulalewa gida. Daren 7 ga wata wayewar 8, a mashigin Mona da ke tsakanin tsibirin Hispaniola da Puerto Rico, ya faɗa hannun jirgin yaƙin Birtaniya HMS Dunedin da na Kanada HMCS Assiniboine. Ma'aikatansa suka yi abin da aka saba umartar jiragen Jamus su yi a irin wannan hali: suka buɗe kafofin shigar ruwa, suka cinna masa wuta, suka sauka cikin kwale-kwale. Sojojin Birtaniya suka hau jirgin yana ci da wuta, suka toshe kafofin, aka ɗaura masa igiya aka ja shi zuwa Kingston a Jamaika, ana tafe ana fama da gobarar har kwanaki. Da farko an raɗa masa suna Sinbad, daga baya ya koma Empire Audacity.

Kafin a fahimci dalilin da ya sa aka taɓa wannan jirgi, sai an dubi halin da Birtaniya take ciki. Tsibiri ce, kuma ba ta noma abin da zai ishe ta. Alkama da nama da man fetur da ƙarfe duk ta ruwa suke zuwa mata. Har gyaɗar da ake tarawa a Kano da kuzar da ake haƙa a Jos da manjan kudu, jirage ne ke kwasarsu, su taru a Freetown, su miƙe arewa ta yammacin Fotugal da Faransa. Idan aka datse wannan hanya, yaƙi ya ƙare ba tare da sojan Jamus ko ɗaya ya taka Ingila ba. Maganin da aka sani tun yaƙin farko shi ne tafiya cikin ayari, kamar yadda fatake ke haɗuwa ƙarƙashin madugu su ratsa dajin da ke da 'yan fashi: jiragen kaya talatin ko arba'in su jeru sahu-sahu, ƙananan jiragen yaƙi suna zagaye da su.

Abin ya sake fasali a Yunin 1940 da Faransa ta faɗi. Jiragen ƙarƙashin teku na Jamus suka samu mazauni a tashoshin Lorient da Brest da Saint-Nazaire, a bakin Atilantika sosai. A filin jirgin sama na Mérignac kusa da Bordeaux kuma aka girke wani dogon jirgi mai inji huɗu, Focke-Wulf 200, wanda aka fi sani da Condor. Shi ma asalinsa ba na yaƙi ba ne. Jirgin fasinja ne da aka ƙera wa kamfanin Lufthansa, har a 1938 ya tashi daga Berlin bai sauka ba sai New York. Doguwar tafiyarsa ce ta sa aka ɗora masa bindigogi da bama-bamai. A farko da kansa yake kai hari, shi ne ma ya cinna wa ƙaton jirgin nan Empress of Britain wuta a Oktobar 1940 kafin jirgin ƙarƙashin teku ya ƙarasa shi. Amma ɓarnarsa mafi girma ta ido ce. Jirgin ƙarƙashin teku a kwance yake da ruwa, mai tsaye a kansa ba ya hango nesa, teku kuma faɗi gare shi, ayari guda zai iya wucewa ba a gan shi ba. Condor kuwa daga sama yake hango ayarin, ya yi ta shawagi a inda harsashin jiragen rakiya ba ya kaiwa, yana aika wa hedikwatar Admiral Karl Dönitz, shugaban rundunar jiragen ƙarƙashin teku ta Jamus, bayanin inda suke da inda suka nufa. Dönitz sai ya tattaro jiragensa su yi kwanto a gaba, su auka wa ayarin cikin dare a taron dangi. Hanyar da ta fi shan wannan azaba ita ce ta tsakanin Birtaniya da Jibralta, sansaninta da ke kudancin Sifaniya, domin kwana da kwanaki ayari ke yi a inda Condor ke iya kaiwa.

Maganin jirgin sama sai jirgin sama, kowa ya san wannan. To daga ina zai taso? Manyan jiragen ruwa masu ɗaukar jiragen sama ƙalilan ne, kuma suna ta ƙarewa. An nutsar da Courageous tun Satumbar 1939, Glorious ya bi shi a Yunin 1940, Illustrious ya ji mummunan rauni kusa da Malta a Janairun 1941, Formidable ma haka kusa da Crete a watan Mayu. Ƙera sabo kuwa ba aikin yau da gobe ba ne, Illustrious shekara uku ya ɗauka. Babu hafsan da zai yarda ya ɗauki irin wannan dukiya ya sa ta tafiyar hawainiya a bayan jiragen gawayi da albasa.

Dabarar farko da aka gwada tana nuna irin matsin da ake ciki. An kafa wa jiragen kaya 35 wata doguwar majaujawa mai aiki da roka a goshinsu, aka ɗora jirgin saman yaƙi samfurin Hurricane guda ɗaya a kai. In Condor ya bayyana sai a cilla shi sama. Wurin sauka fa? Babu. Matuƙin in ya gama, ko dai ya yi sa'a tudu na kusa, ko ya diro da lema, ko ya kifa jirgin cikin ruwa yana fatan a tsamo shi kafin sanyi ya kashe shi. Tashi ɗaya, jirgi ɗaya ya tafi. Akwai samarin da suka amince da wannan aiki da idonsu biyu, kuma sun cancanci a tuna da su.

A Janairun 1941 aka kai Empire Audacity ma'aikatar gyaran jirage ta Blyth a arewa maso gabashin Ingila. Aka cire turakun loda kaya, aka yanke ɗakin tuƙi da bututun hayaƙi, aka karkatar da hayaƙin injin ya riƙa fita ta gefe. A saman gangar jikin aka shimfiɗa dandamali mai tsawon kusan mita 140. An ɗaura igiyoyin ƙarfe ƙalilan a ƙarshen dandamalin don ƙugiyar jirgi mai sauka ta kama, da shinge a gaba don tare wanda ya kuskure su. Aka sa masa igwa guda a baya da bindigogin kakkaɓo jirage da na'urar rada mai hango jirgin sama daga nesa. Shi ke nan. Babu garejin ajiye jirage a ƙasa, babu na'urar saukar da su ciki, babu hasumiyar ba da umarni irin ta manyan jirage, sai ɗan wurin tsayawa a gefen dandamali. Cikin wata biyar aka gama, ya shiga aiki a watan Yuni, ƙarshen Yuli kuma aka yanke sunan ya zama HMS Audacity.

Sauyin suna da tuta yana da tushe a doka. Yarjejeniyar Hague ta bakwai ta 1907 ta tanadi cewa duk jirgin kasuwancin da aka mayar na yaƙi dole ya kasance ƙarƙashin ikon gwamnati kai tsaye, ya ɗauki alamomin jiragen yaƙin ƙasarsa, kwamandansa ya zama hafsan soja, ma'aikatansa su bi dokar soja, a kuma sanya shi a jerin jiragen yaƙi. Manufar ita ce a raba sojan ruwa da ɗan fashin teku. A wannan yaƙin Jamus ma ta mayar da jiragen kaya na yaƙi, irin su Atlantis da Kormoran, amma nata suna ɓoye igwoginsu ne su yi shigar 'yan kasuwar wata ƙasa, sai sun matso kusa su ɗaga tutarsu ta gaskiya. Audacity bai da abin ɓoyewa, duk wanda ya hango shi ya san ko mene ne.

Jiragen sama shida aka ba shi, samfurin Martlet, ƙirar kamfanin Grumman na Amurka, wanda Amurkawa ke kira Wildcat, ƙarƙashin runduna ta 802 ta sojan ruwa. Rashin gareji na nufin jiragen a fili suke kwana, a ɗaure da igiyoyi, ruwan gishiri na dukansu dare da rana. Makanikai a nan suke gyara cikin iska da sanyi, da dare kuma da 'yar tocila a rufe don kada haske ya tona asirin ayari. In za a tashi sai a tura jiragen duka baya da hannu, in za a sauka a turo su gaba da shinge. Gudun jirgin ruwan bai wuce kilomita 28 a awa ba, kusan rabin na manyan jiragen, wanda ke nufin iskar da ke taimaka wa mai tashi ba ta da ƙarfi, kuma a lokacin hunturu bayan jirgin yana hawa da sauka da igiyar ruwa daidai lokacin da matuƙi ke neman dafa shi. Abu guda da matuƙan suka mora shi ne ɗakunan fasinjan Hannover da aka bari yadda suke.

Tafiyarsa ta farko da ayari mai lamba OG 74 ce zuwa Jibralta a Satumbar 1941. Ranar 21 ga wata wani Condor ya jefa wa Walmer Castle bam, jirgin da aikinsa tsamo waɗanda jiragensu suka nutse, Martlet biyu suka tashi suka kakkaɓo Condor ɗin. A Nuwamba, tare da ayarin OG 76, sun harbo wasu biyu a rana ɗaya, amma shugaban rundunar, John Wintour, ya rasa ransa. Condor na da bindigogi ta baya da ta gefe, wanda ya biyo shi ta nan yana cikin haɗari. Wani matashin matuƙi ɗan Sikotilan mai suna Eric Brown ya lura cewa ta goshi ba shi da kariya sosai, sai ya tunkare shi gaba da gaba ya ɓarke gilashin matuƙa da harsashi. Sauran suka ɗauki wannan salo. A jimlace jiragen Audacity sun harbo Condor aƙalla biyar, kuma Jamus ba ta da su da yawa.

Sai dai a ganina, wanda ya tsaya ƙirga Condor bai kama ainihin amfanin jirgin ba. Amfanin yana cikin lissafin gudu. Jirgin ƙarƙashin teku na wancan zamani yawancin rayuwarsa a saman ruwa yake, yana tafiya da injin dizal har kilomita 31 a awa. In ya nutse sai ya koma kan batir, iyakar gudunsa ya dawo kamar 14, shi ma na ɗan lokaci, in yana son batirin ya daɗe kuwa sai ya rage zuwa rabin haka. Ayari kuma yana tafiya kamar kilomita 14 a awa ba tsayawa. Ke nan muddin yana sama zai iya bin ayari, ya wuce shi da rana, ya jira shi da dare. Da zarar ya hango jirgin sama dole ya nutse, in ya nutse ya makance kuma ya gurgunce, ayari ya yi kwana ya ɓace masa. Martlet ba ya ɗauke da bam ɗin da zai fasa jirgin ƙarƙashin teku. Abin da yake yi shi ne ya tilasta masa nutsewa, ya kuma faɗa wa jiragen rakiya daidai inda ya nutse. Sintirin asuba da na magariba kaɗai ya isa ya ruguza shirin dare guda.

An ga haka ƙarara a ayarin HG 76, wanda ya bar Jibralta ranar 14 ga Disambar 1941 da jiragen kaya 32. Jagoran rakiyar Kwamanda Frederic John Walker ne a cikin HMS Stork, mutumin da daga baya ya fi kowane hafsan Birtaniya nutsar da jiragen ƙarƙashin teku. Martlet huɗu kacal suka rage wa Audacity masu aiki. 'Yan leƙen asirin Jamus da ke gaɓar Sifaniya sun ga fitarsu, Dönitz ya turo jiragensa.

Ranar 17 ga wata Martlet ya hango jirgin ƙarƙashin teku na Jamus mai lamba U-131 a saman ruwa nesa da ayari. Walker ya bi shi da jiragensa, suka yi masa ruwan bama-baman da ke fashewa a ƙarƙashin ruwa har ya taso dole. Wani matuƙi, Graham Fletcher, ya sauko masa da bindiga, aka harbo shi ya mutu, amma U-131 bai tsira ba. Washegari U-434 ya bi sahu. Ranar 19 da asuba U-574 ya nutsar da jirgin rakiya HMS Stanley, Walker ya bi shi ya banke shi da goshin Stork. A ranar kuma aka harbo Condor biyu. Dönitz ya gane inda matsalarsa take, ya umarci jiragensa su sa wa mai ɗaukar jiragen ido fiye da komai.

Daren 21 ga Disamba, kimanin kilomita 800 yamma da Cape Finisterre a arewa maso yammacin Sifaniya, abin ya faru. Al'adar kwamandan Audacity, D. W. MacKendrick, ita ce da dare ya fita daga cikin ayari ya yi ta tafiya yana karkacewa hagu da dama da iyakar gudunsa. A wannan daren babu jirgin rakiyar da za a iya ware masa. Walker ya so Audacity ya koma ɓangaren hagu na ayarin, MacKendrick kuwa ya zaɓi dama, kuma da yake ya girmi Walker a muƙami, shawara kawai Walker zai iya bayarwa. Da aka harbi wani jirgin kaya na Norway mai suna Annavore, jiragen 'yan kasuwa suka harba wutar haskaka sama, hasken ya fito da siffar Audacity tsaf a idon U-751 na Gerhard Bigalk. Topido na farko, wato makamin nan mai gudu a ƙarƙashin ruwa, ya sami wajen injin, jirgin ya tsaya cak. Bigalk ya matso ya ƙara masa biyu, goshin jirgin ya tarwatse. Cikin awa ɗaya da 'yan mintuna ya nutse, mutum 73 suka mutu, har da MacKendrick. Da yawa sanyin ruwa ne ya kashe su suna jiran ceto. Eric Brown na cikin waɗanda aka tsamo, kuma ya rayu har 2016, bayan ya tuƙa samfurin jirage 487, abin da babu wanda ya kamo shi. Bigalk ya kai rahoton cewa babban jirgi ya nutsar, aka ba shi lambar yabo. Watanni bakwai bayan haka jiragen saman Birtaniya suka nutsar da U-751 da duk mutanensa.

An sha ɗora wa MacKendrick laifi, kuma gaskiya ne zaɓinsa ya kai shi bakin wuta. Amma ban ga adalci a tsaya nan ba. Jirgi irin nasa cikin sahun jiragen kaya a duhu yana fuskantar haɗarin karo, babu wanda ya taɓa rubuta ƙa'idar yadda ake tafiyar da irinsa domin shi ne na farko a wannan aiki, sannan ƙarancin jiragen rakiya ba laifinsa ba ne. Akwai kuma abin da babu kwamandan da zai iya gyarawa. Jirgin yaƙi na asali ana yi masa sulke, a rarraba cikinsa ɗaki-ɗaki masu yawa yadda in ruwa ya shiga ɗaya ba zai cika sauran ba. Jirgin kaya kuwa manyan rumbuna ne a buɗe, don lodi aka yi shi. Ka zuba man jirgin sama da harsasai a irin wannan jiki, ka san abin da topido zai yi masa.

Duk da haka, sakamakon tafiyar ya girgiza Jamus. Jiragen kaya 30 cikin 32 sun isa gida. Jamus ta rasa jiragen ƙarƙashin teku huɗu a kewayen ayarin, biyar in aka haɗa da U-127 da aka nutsar tun farkon tafiya. Cikinsu har da U-567 na Engelbert Endrass, ɗaya daga cikin gwanayen Dönitz, wanda ya mutu a daren da Audacity ya nutse. A lokacin da aka saba jin ayari ya rasa jirage goma ba a taɓa maharan ba, wannan sabon labari ne.

Ba Birtaniya kaɗai ta yi wannan tunani ba. Amurka ta mayar da jirgin kaya Mormacmail ya zama USS Long Island, har ya riga Audacity shiga aiki da 'yan makonni. Abin da Audacity ya ƙara shi ne shaida daga fagen fama. Daga nan ma'aikatun Amurka suka duƙufa, suna ɗora dandamali a kan gangar jikin jiragen kaya, wannan karon da gareji da na'urar ɗagawa. Kamfanin Henry Kaiser kaɗai ya ƙera samfurin Casablanca guda 50 cikin ƙasa da shekara biyu. Birtaniya kuma ta fito da wani salon, jiragen dakon hatsi da na mai guda 19 da aka shimfiɗa wa dandamali suna ɗauke da jirage uku ko huɗu, amma suna ci gaba da dakon kayansu da ma'aikatansu farar hula. Ko ɗaya daga cikin 19 ɗin ba a nutsar ba.

Abin takaici shi ne jinkirin da aka samu. Bayan Audacity, ayarin Atilantika sun yi fiye da shekara ba su da irin wannan kariya a kai a kai, saboda jiragen farko da suka fito an karkatar da su zuwa hanyar Rasha da mamayar Arewacin Afirka a Nuwambar 1942. Shekarar 1942 ita ce mafi muni ga jiragen 'yan kasuwa a duk yaƙin. Sai a Maris da Afrilun 1943 irin su USS Bogue da HMS Biter suka fara raka ayari. Da suka haɗu da jiragen sama samfurin Liberator masu dogon zango, da sabuwar rada, da fasa sirrin saƙonnin Jamus, a watan Mayu kaɗai Dönitz ya rasa jirage kusan 40, ya janye daga arewacin Atilantika ranar 24 ga wata.

Raunin gangar jikin kuwa bai taɓa barin waɗannan jirage ba. HMS Avenger ya tarwatse da topido ɗaya a Nuwambar 1942, fiye da mutum 500 suka mutu. HMS Dasher ya fashe da kansa a mashigin Clyde na Sikotilan a Maris na 1943, mutum 379 suka tafi. USS Liscome Bay ya nutse cikin mintuna a tekun Pasifik a Nuwambar 1943 da mutum sama da 600. A yaƙin Falkland na 1982 tsakaninta da Ajantina, Birtaniya ta sake komawa ga dabarar, ta ɗauki jirgin kwantena Atlantic Conveyor ta loda masa jiragen Harrier da masu saukar ungulu. Ranar 25 ga Mayu makamai masu linzami samfurin Exocet na Ajantina suka same shi, wuta ta cinye shi, mutum 12 suka mutu, har da kyaftin ɗinsa Ian North, wanda ma'aikacin jirgin 'yan kasuwa ne.